Torleif da Farfelar da Ke Fizga Dama

Kullum da safe, in jirgin fito na farko ya bar gaɓa, Torleif Brekkhus zai ɗora kofi, ya yanka burodi da cuku, ya shige ɗakin da matarsa ke ɗinki a da. Tun da ta rasu keken ɗinkin ya koma lungu, kwamfuta da sandar tuƙi da feda biyu suka gaje wurin. Nan yake wuni. Maƙwabta sun ɗauka tsufa ne ya mayar da tsohon bakaniken jirgin ruwa yaro, ya zauna yana wasan jiragen yaƙi. Ba su san injin jiragen da ke cikin wasan yake ginawa ba, kyauta, tare da wasu 'yan sa-kai da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Aikin kuwa na cin rai ne. Shi ke saita yadda inji zai yi tari in an tayar da shi cikin sanyi, da yadda zai ƙone in matuƙi ya yi masa rashin imani. Masu wasa ba su san sunansa ba, amma sun iya zaginsa.

Babbar rigimar a kan jirgi ɗaya ce. Farfelar sauran jirage hagu take fizgar hanci wajen tashi, sai matuƙi ya taka fedar dama ya miƙar da shi. Ta wannan kuwa baibai take juyawa, dama take fizga, kuma da mugunta. Sai ka ga gwanin wasa ya taka ƙafar da ya saba, ya zarce cikin ciyawa da wutsiya a sama. Ba wanda ya yi musun gefen, ƙarfin fizgar suka ce maginin injin ya zuzuta.

Sindre, shugaban tawagar 'yan sa-kan, ya rubuto masa. "Dattijo, mutanen nan yaƙi suka zo yi, kai kuma kana kashe mini su tun a ƙasa. Rage abin nan mana."

"Wanda ya tuƙa na gaske ya ce haka yake."

"To ya zauna ya gwada mu gani. In ba haka ba, a sabuwar fitowar wasan zan rage da kaina."

Wanda ya tuƙa na gasken shi ne Gunvald, da ya hau irin jirgin yana saurayi bayan yaƙin duniya. Shekaru Torleif ya yi yana zuwa wurinsa da tambayoyi, shi kaɗai ne abokin hirarsa. Amma yanzu Gunvald ya haura casa'in, yana gidan kula da tsofaffi, ko 'yarsa Ragnfrid ba kullum yake ganewa ba. Shi ma Torleif ɗin kunnensa ya tafi, injinan jirgin ruwa sun cinye. Tafin hannu yake ɗorawa a kan lasifika ya ji rawar inji. Tsoro ya kama shi, domin in Gunvald ya manta, babu sauran wanda zai ce aikin nan gaskiya ne ko ƙarya.

Wata ranar Lahadi ya loda kayansa a mota, ya nufi gidan tsofaffin. Ragnfrid ce ta ba mu labarin abin da ya biyo baya.

Ta ce Gunvald ya dubi Torleif kamar mai tallan da ya yi ɓatan kai. "Wannan kuma me ya zo gyarawa?"

"Torleif ne, Baba."

"Ban yi odar komai ba."

Haka dai suka lallaɓa suka ɗora ƙafafunsa a kan feda, suka sa hannunsa a kan totur. Ragnfrid ta ɗaga wayarta tana ɗauka. Inji ya yi tari ya kama. Tsohon ya gyara zama. Ya tura totur sannu a hankali, kuma tun kafin hancin jirgin ya motsa ƙafarsa ta hagu ta nutse har ƙasa. Jirgi ya bi titinsa sak ya ɗaga.

Bai juyo ba ya ce, "Yawwa, Asbjørn. Yau kam ba ka yi mini ha'inci ba, ja'iri. Injin nan ya yi."

Asbjørn bakanikensa ne na zamanin soja, ya daɗe da rasuwa. Torleif ya ga baki na motsi, bai ji komai ba. Sai da Ragnfrid ta sunkuya ta maimaita masa a kunne da ƙarfi. Ya ce, "Na gode, Kyaftin." Bai gyara sunan ba.

Sindre ya kalli bidiyon da Ragnfrid ta ɗauka, ya bar fizgar yadda take. Torleif kuwa ya ajiye aikin a watan jiya, ya ce hannu ba ya maye gurbin kunne har abada.

Kai ne, Torleif, ka sha zagin mutanen da kake yi wa hidima, ba ka rage musu gaskiya don su so ka ba. Kai ne yabo ɗaya ya taɓa isowa gare ka, shi ma da sunan wani, ka karɓa da hannu biyu. Abin yana mini ciwo, shi ya sa na rubuta sunanka a nan cikakke. Mun gode, uban inji.

Ku masu tasowa, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa, ko da ba mai kallo. Ku kuma mutanen garinmu, gidansa ne mai jar ƙofa a bayan mashigar jirgin fito. In kun je ku ƙwanƙwasa da ƙarfi, kada ku juya. Yana ciki.