Gugan da Ya Fasa Kan Ɗan Azumi

Kafin mata su fito da tuluna, Ɗan Azumi ya riga ya isa bakin rijiya. Haka na san shi tun ina saurayi, haka kuma yake har kakar bana da gwiwa ta ce masa aiki ya ƙare. Yakan zo da igiya a kafaɗa, ya zagaya yana taka itatuwan da aka jera a bakin ramin, yana neman wanda gara ta ci. Sannan ya durƙusa ya leƙa, ya shaƙi iskar da ke tasowa. Wai rijiya in za ta rufta, warinta ne ke fara sauyawa. Ni dai na sha shaƙa, ban taɓa jin komai ba sai laka.

Ga wanda bai san mu ba, ƙauyenmu yana cikin kwarin Tarka, kuma rijiya ɗaya tak gare mu, mai zurfin gaske. Mu manoma a nan muke sha, Fulani a nan suke shayar da shanu, Abzinawa ma a nan suke tsayawa da raƙumansu in sun gangaro sayen gero. Ɗan Azumi ne ke shiga ya yashe ta, ya kwashe yashi, ya sauya ruɓaɓɓen itace. Aikin ba rawani, ba maroƙi. Da kaka kowane gida ya kai masa damin gero, shi ke nan. In zai shiga, yakan tuɓe takalmansa ya ajiye su a kan babban itacen bakin rijiya. Duk ɗan garin nan ya san ma'anar wannan: akwai mutum a ƙasa, kada guga ya sauka.

To, bakin rijiya da bazara ba wurin zaman lafiya ba ne. Dabba na kuka, mai ita na kumfar baki, kowa na rantsuwa shi ya riga zuwa. Na ga ranar da wani makiyayi ya zage shi tas don ya ce masa ya dakata ruwa ya kwanta. Wallahi ni da nake gefe sai da kunnena ya yi zafi. Shi kuwa ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya, har mutumin ya gaji ya yi shiru, sannan ya ɗago ya ce, "Ka gama? To matso da shanunka, ruwan ya kwanta." Mutane suka yi ta dariya, mai zagin ma ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wata rana da duk wanda ya gan ta ba zai manta ba.

Shekaru kaɗan ke nan da Nasara suka murƙushe tawayen Abzin, ƙasa ba ta gama hucewa ba. Kowa ya san in jini ya zuba a bakin rijiya, bariki ba ya tambayar wa ya fara. Ƴan gumi, sojan raƙuma na Nasara, su ne za su zo su ɗaure samarin gari su tafi da su aikin dole, waɗanda takobi ya rage ke nan. A wannan bazarar ruwa ya ja baya ƙwarai, Ɗan Azumi ya shiga yasa da hantsi. Ƴaƴansa biyu, Mato da Yahuza, su ne ke jawo yashin da takarkari. Suka tara tuli, suka tafi zubar da shi can bayan aduwa, suka bar bakin rijiya ba kowa. Me zai sa su damu? Ai takalman baba na nan.

Sai ga wani Ba'abzine, Aghali, wanda bai taɓa zuwa garinmu ba, da ƴan'uwansa da raƙuma da ƙishirwa ta galabaita. Ya tarar da rijiya shiru, ga tsofaffin takalma a kan itacen bakinta. Ya sa ƙafa ya ture su, ya saki gugansa, irin babban nan na raƙuma mai kewayen ƙarfe a baki.

Yahuza na dawowa ya ga guga ya riga ya sauka kan ubansa, ƙarar da ya ƙwala ce ta tara gari. Kafin ka ce me, maza sun fito da sanduna da gatura, Abzinawa sun ja da baya sun dafa takubba. Aka leƙa rijiya aka yi ta kira, shiru. Mato ya riga ya ɗaga gatari. Akwai wani Mahmudu a cikinmu, wanda raƙuma suka taɓa cinye masa gona, ya daɗe yana neman rana irin wannan. Ya yi ta zuga: "Sun kashe shi! Da gangan ne! Ku ƴaƴansa ne ko kuwa mata ne?"

Aghali yana ta rantsuwa da Hausarsa ta kasuwa cewa bai sani ba, ba mai jin sa.

Can sai igiyar gugan ta motsa. Ta sake motsi, irin girgizar da mai yasa ke yi in yana cewa a ja. Aghali ne ke riƙe da ita, ya ja. Muka zuba ido, kowa na zaton riga mai jini zai gani. Guga ya fito cike da ruwa. Daga ƙasa kuma wata murya ta taso a hankali: "Mai gugan nan ya shayar da dabbarsa. Ku kuma ku fid da ni."

Aka jawo shi. Kai, abin ba kyan gani! Goshi a tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya gangaro har gemu. Ya zauna a kan kwamin shayar da dabbobi, ya nemi ruwa ya wanke fuska. Mahmudu ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ka faɗi kalma ɗaya kawai. Ka ce da gangan ya yi."

"Ina ƙasa, Mahmudu. Ban ga abin da ya faru a sama ba."

"Ya shure takalmanka! Kowa ya gani!"

Ɗan Azumi ya juya ya dubi baƙon. "Ɗana, a ƙasarku in mutum ya shiga rijiya, me ake ajiyewa?"

Aghali ya ce, "Mutum ake ajiyewa, Baba. Ya tsaya a baki har a fito."

"To ka ji. Nasu ya fi namu." Ya dubi ƴaƴansa. "Mato, ajiye gatarin nan ka kama wa baƙo igiya. Raƙumansa ba su yi mini komai ba."

Mato ya tsaya yana huci, hawaye na zuba. Uban bai ɗaga murya ba, bai kuma sauke ido daga kansa ba, har gatarin ya taɓa ƙasa. Mahmudu ya miƙe ya tofa yawu ya ce, "Tir! Ashe matsoraci muke kai wa dami." Ɗan Azumi ya ji sarai. Ya ce wa wata tsohuwa ta taimaka masa da tsumma ya ɗaure kai.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa a banza. Idon nan bai ƙara gani ba. Shekara da shekaru samari na yi masa shaguɓe, har a kasuwar Tanut an san labarin tsohon da aka fasa wa kai ya ba da ruwa tukuici. Wasu gidajen suka daina kai masa gero. Matarsa Kaltuma, mace mai zuciya, ta yi kwanaki tana ajiye masa tuwo ba ta ce masa uffan ba. Shi kuwa, da raunin ya warke, ya koma rami, ya yashe wa masu zaginsa rijiya, har da Mahmudu. Abu ɗaya ya sauya: tun daga ranar, in ya shiga, sai an tsaida mutum a baki.

Na taɓa tambayarsa ko bai ji haushi ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ina cikin duhu, jini na shiga bakina, ina jin hayaniyarku a sama. Haushi kam na ji, kamar in haɗiyi zuciya. Amma na gane muryar Yahuza a ciki."

Ɗan Azumi, kai ne mutumin da aka miƙa wa faɗa har hannu, da hujja, da shaidu, da jininka a fuska, ka ce ba ka so. Da ka ɗaga yatsa, ba wanda zai ga laifinka, maroƙa ma da sun samu abin faɗi. Ka zaɓi a kira ka matsoraci, kuma ka san zafin sunan, don na ga yadda haƙoranka ke cijewa in an faɗa. Namijin ƙasan rami, mai sanyin ruwan tulu. Ni ban san wani jarumi a ƙasarmu ta Damargu da ya ɗauki abin da ka ɗauka ba, kuma raina yana ɓaci in na tuna yadda muka daɗe ba mu ce maka an gode ba.

To yau mun ce. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sanyaya gwiwar nan, ya bar maka idon da ya saura. Ku kuma samarinmu masu zafin kai, da kuke ganin duk wanda ya taka ku sai kun rama, ku je ku zauna wurinsa tun yana nan. Ba zai yi muku wa'azi ba, bai iya ba. Ku dai kalli yadda yake sauraron mai zagi, ku koya.

Da na gama rubuta wannan, na je gidansa don in karanta masa. Yana kwance a inuwa, Kaltuma na tankaɗe a gefe. Na ce, "Inna, ke da kika yi fushi da shi a lokacin, yanzu me za ki ce?"

Ta ajiye faifai, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Har gobe in na ga idon nan zuciyata na tafasa, Malam. Amma ƴaƴa biyu gare ni maza, kuma ranar duk suna bakin rijiya, ɗaya da gatari. Yau da safe su biyun sun zo sun gaishe ni."