Casimira da Haƙoran Alcalde

A garinmu babu ƙafar da Casimira Berrío ba ta riƙe ba. Shekara talatin da wani abu tana yawo gida-gida da gwangwanin biskit a hammata da 'yar kujerar tsugunno a hannu, tana yankan farce. Gajeruwa ce, kunnenta na dama ya mutu tun wata shekara da abin wasan wuta ya fashe kusa da ita a bikin Budurwa Maryamu ta Karmen, kuma in kun gaisa ƙafarka take fara kallo kafin fuskarka. Ubanta mai kiwon zakarun faɗa ne. Tun tana 'yar shekara tara take datse musu ƙahon ƙafa da tsinin baki, don tsohon ya ce duk cikin 'ya'yansa ita kaɗai ce hannunta ba ya rawa. Da ya rasu ta sayar da zakarun, ta koma kan ƙafafun mutane.

Ni Ermelinda, mai suyar kifi a bakin ruwa, kowa ya san bakina ba ya da linzami. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka raina ta. Ban taɓa miƙa mata ƙafata ba. Nakan ce macen da ta ƙare rayuwarta a ƙarƙashin yatsun jama'a me za ta gaya mini?

Duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, takan zo gidanmu saboda surukina, Don Evaristo, wanda ba ya iya sunkuyawa. Baba ya yi shekara arba'in yana nutso a teku, har ciwon masu nutso ya kama masa ƙafafu. Da farko yana dogara sanda. A lokacin ne wani ɗan talibamban na teku, bai fi babban yatsa ba, ya maƙale a ragar mijina Nicanor. Mu nan irin wannan kifin ba a cinsa, dafi ne da shi, jefar da shi ake yi a yashi ya kumbura ya mutu. Baba ya ce a ba shi. Ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi da ɗan famfon iska, ya raɗa wa kifin suna Alcalde, wato shugaban gari, wai don tumbinsu iri ɗaya ne. Kullum ruwa ya ja baya sai ya ɗingisa zuwa duwatsu ya ɗebo masa dodon koɗi da 'yan kaguwa.

Wanda bai ga kifin nan ba, ba zai yarda ba. Idonsa ɗaya na kallonka, ɗayan na kallon wani wuri daban, kuma a cikinsu akwai wani kore mai ƙyalli da ban taɓa gani a jikin komai ba. Ya san Baba. In ni na matso sai ya juya mini baya, ɗan banza, amma Baba na yin tari zai taso saman ruwa ya feso masa ruwa a gemu.

Bara ƙafafun Baba suka mutu gaba ɗaya, kuma a wata guda aka cire masa sauran haƙoransa a garin Tolú. Ranar da aka dawo da shi ya ce a juya masa kujera ta ba wa taga baya. Tun daga nan bai ƙara kallon teku ba, alhali ƙofarmu ba ta fi taku hamsin da ruwa ba. Akwatin gilashin nan ya zama shi ne tekunsa. Ya kuma kafa doka: abin da ya ci, shi Alcalde zai ci.

To ku ji inda na shigo. A wajenmu ba a miƙa wa dattijo jatan lande da ɓawonsa, rashin tarbiyya ne, uwata ma da ta gani da ta tsinka mini mari. Sai na zauna in ɓare wa Baba ɗaya bayan ɗaya, in dafa su yi laushi tiɓis, in ajiye gefen shinkafa da kwakwa. Shi kuma ya tsakura ya jefa wa abokinsa. Wata takwas muna haka, har ina yabon kaina a kasuwa cewa ko kifin gidanmu ɓare masa ake yi.

Sai ga shi wata Talata Alcalde ya ƙi cin abinci. Zai taso da sauri kamar kullum, ya dunguri naman da baki, naman ya nutse ƙasa, ya bi shi ya sake dungura, sannan ya koma lungu ya lafe. Kwana huɗu a haka tumbin nan ya shafe. A rana ta biyar Baba ya ture farantinsa.

"Baba, me ke nan?"

"In ya ci, na ci."

"Haba Baba! Kifi ne fa. Gobe in sa a kamo maka goma irinsa."

Ya dube ni, kallon da ya sa na haɗiye sauran maganata. Nicanor yana can cikin teku a babban jirgin kamun kifi, sai bayan mako uku zai dawo. Babu abin da ban yi ba. Na canja ruwa, na goga wa naman tafarnuwa, na kunna wa Budurwa Maryamu kyandir biyu. Na buga wa wani likitan dabbobi waya a birnin Sincelejo, ya yi dariya ya ce shi shanu ya sani. Baba kuwa in ban da baƙin kofi ba abin da ke shiga cikinsa. Wuyansa ya zama kamar na kaza, muryarsa ta dushe. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga mutumin nan da gaske yake, in kifin ya mutu binsa zai yi.

Ranar Alhamis, kwana tara ke nan, Casimira ta yi sallama da safe. Ta ajiye kujerarta, ta ɗora ƙafar Baba a cinya, ta fara aiki. Tana cikin yanka sai na ga ta dakata, ta karkata kai wajen gilashin. Ta daɗe tana kallo.

"Don Evaristo, yaushe rabon mutumin nan da ya tauna abu mai tauri?"

Na ce, "Ke dai yi abin da ya kawo ki. Abincin da mai gidan ke ci shi yake ci, ɓararre tas."

Ta juyo mini da kunnenta mai ji. "Shi ya sa. Ba abincin ya ƙi ba, Ermelinda, bakin ne ya kulle. Zo ki gani."

Na matsa ina hura hanci. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Haƙoransa na sama guda biyu sun yi tsawo sun sauko sun rufe na ƙasa, kamar bakin aku. Kullum ina kallon kifin nan, ban taɓa lura ba.

"Irin farce ne," in ji ta. "Ba ya daina tsiro. Ɓawon da yake fasawa shi ke cinye masa."

Baba ya dafe goshi. "Shekara arba'in ina jin ƙarar irinsu suna fasa katantanwa a ƙarƙashin ruwa, Casimira, ban taɓa tambayar kaina dalili ba."

Ashe da hannuna, da ladabina, na yi wata takwas ina ɗinke wa bawan Allah baki. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

"Za ki iya?" Baba ya tambaye ta.

"Na yi wa zakaru sun fi ɗari. Amma zakara ba ya kumbura."

Nan Baba ya farfaɗo, ya zama mai nutson da na sani a da. Ya ce in kifin ya tsorata ya haɗiyi iska a waje, iskar ba za ta fita ba, mutuwa zai yi. Ya ce a zamanin da suke kama ƙananan kifaye masu launi suna sayar wa mutanen Cartagena, da man kanumfari suke sa su barci. Akwai sauran kwalba a ɗakinsa tun lokacin ciwon haƙori. Na ce kada garin gyaran gira a rasa ido. Casimira ta ce idon ma saura kwana biyu ya tafi, in ɗebo ruwa.

Na kawo roba biyu cike da ruwan teku. Baba ya ɗiga ɗigo uku a ɗaya, ya motsa da yatsa. Casimira ta ɗebo Alcalde da ƙoƙo, da ruwansa, ta zuba a ciki. Sai kifin ya haɗiyi ruwa ya kumbura. Shekara huɗu yana gidana ban taɓa ganin haka kusa ba: abin da ya rame kamar tsumma ya zama ƙwallo, fari fat daga ƙasa, 'yan fukafukansa na kaɗawa. Na yi alamar gicciye ban ma sani ba. A hankali ya sace, ya karkata gefe, idanun nan suka tsaya cak.

"Ba ni da agogo," in ji Casimira. "Wa zai gaya mini lokacin mayar da shi?"

"Ni," in ji Baba. "Kina ɗago kansa zan riƙe numfashi. Ina saki, ki mayar."

Tsohon da ya kwana biyar bai ci ba! Na buɗe baki zan hana, ya ɗaga mini hannu. Ta naɗe kifin da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ɗago kansa kaɗai sama da ruwa. Baba ya ja iska ya rufe baki.

Na sha ganin hannun mutane a kan aiki, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Bakin kifin bai fi ƙwayar wake ba. Ta tura leɓen da gefen yatsa, ta sa 'yar filayarta ta farce, ƙat. Ta juya, ƙat. Ba ta ƙifta ido ba, kuma ko gashin hannunta bai motsa ba. Jijiyoyin wuyan Baba suka tashi, fuskarsa ta yi duhu, ni kuma zuciyata na dukan uku-uku. Da ya saki numfashin da ƙarfi, kafin ya gama fitarwa kifin na cikin ruwa.

"Saura na ƙasa, da magagari," ta ce. "Za ka iya kuma, tsoho?"

"Ke ki ji da naki, 'yar mai zakaru."

Suka sake. A karo na biyu ya fi daɗewa, har na ga hawaye na gangaro masa, amma bai saki ba sai da ya ga ta ajiye magagarin. Ta sa Alcalde a robar ruwa mai tsabta. Ya kwanta ciki sama, ba motsi. Ta riƙe shi tana kai shi gaba tana dawo da shi baya don ruwa ya ratsa shi. Ina jin motsin teku, ina jin famfon iska, ina roƙon Allah a zuci. Can sai fiffike ɗaya ya kaɗa, sai ɗayan. Ya mirgina ya daidaita, ido ɗaya ya juya ya yi ta nema har ya tsaya a kan Baba.

Ranar Alcalde bai ci ba, Baba ma bai ci ba. Casimira ta ce dodon koɗi mai rai za a ba shi, da ɓawonsa, kullum. Da yamma na tafi duwatsu na ciko gwangwani. Baba ya leƙa ya taɓe baki.

"Waɗannan ai ko guduma sai ta yi da gaske. Ƙanana masu zane ake nema, suna ƙarƙashin dutse na uku bayan maƙabarta, ta gefen da rana ba ta bugu."

Gajiya da tsoro suka taru suka hau mini kai. "To tunda ka fi kowa sani, sai ka zo ka nuna mini!"

Maganar na fita na yi da na sani. Washegari da sassafe, ruwa ya ja baya, sai na ji yana kirana. "Ermelinda, baron Nicanor yana nan?"

Casimira ta zo duba majinyacinta, ta tarar ina shimfiɗa bargo a baro. Ta ajiye gwangwaninta ta kama hannun baron ɗaya. Haka muka tura shi cikin yashi, masunta na tsayawa suna cire hula. A bakin duwatsun ya ce mu tsaya. Ya daɗe yana kallon ruwan da ya yi wata takwas yana ba wa baya, sannan ya zura hannu a ciki har gwiwa, ya shafa wa fuskarsa. Bayan nan ya fara ba mu umarni kamar kyaftin, ɗaga wannan, bar wancan, ku mata ba ku da ido ne?

Da muka dawo shi da kansa ya jefa guda ɗaya a gilashin. Alcalde ya fito daga lungu, ya zagaya shi sau biyu, ya hura masa ruwa ya juya shi. Ya buɗe bakin nan, ƙaras! Har tsakar gida za ka ji. Garin ɓawo ya watsu cikin ruwa, ya juyo yana neman ƙari.

Baba ya yi dariya da dasashinsa, ya share ido da bayan hannu. "Ermelinda, akwai sauran shinkafar jiya?"

"Akwai, Baba. In ɓare jatan landen?"

"Nawa ki ɓare. Nasa ki bar masa aikinsa."

Na kawo masa faranti, na tsaya sai da na ga loma ta uku ta wuce. Sannan na juya in yi wa Casimira godiya, ni da ban saba ba, ina ta haɗa kalmomi a raina. Na same ta ta riga ta zauna a kujerarta ta buɗe gwangwani, idonta a ƙasa.

"Farcen babban yatsanki na hagu ya fara shiga nama," ta ce. "Zauna."

Na cire takalmina na zauna, na miƙa mata ƙafar.