Ranar da Aka Auna Shagonmu da Ƙafa

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, mahaifiyata tana haya a ɗaya daga cikin shagunan ƙaramar hukuma da ke layin baya na kasuwarmu. Busasshen barkono take sarowa daga Gashua, wani lokacin har da bandar kifi daga Nguru. In an tashi makaranta can nake zuwa in zauna a kan buhu. Ciniki ban iya ba, ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Kallo kawai na iya.

Wata Laraba aka zo sabunta kuɗin haya. Aka ce duk shagon da tsawonsa ya wuce taku bakwai babba ne, kuɗinsa kusan ninki biyu na ƙarami. Ma'aikata biyu ne, ɗaya dogo ɗaya gajere, kowa da littafinsa. Sun manto tef ɗin awo a ofis, suka ce ba komai, ƙafa ma tana awo. Dogon ya fara daga can ƙarshen layi, gajeren daga ɓangarenmu.

Gajeren ya shigo shagonmu ya taka daga ƙofa zuwa ƙurya. "Takwas. Babba ne."

"Haba Malam," in ji mahaifiyata, "wannan ɗan akurkin?"

"Hajiya, ba ni na faɗa ba, ƙafa ce ta faɗa."

Na san abin da ke ranta. Na taɓa ji tana gaya wa ƙanwarta cewa in haya ta tashi, sai dai ta saki shagon ta koma kasa kaya a bakin titi cikin rana.

Can sai na ji muryar dogon a shagon maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai sayar da daddawa. "Shida. Ƙarami."

Abin ya tsaya mini a rai. Bango ɗaya ne tsakaninmu da ita, ba a ma yi masa fulasta ba, kuma don rashin aikin yi na sha ƙirga bulon da ke jikinsa: tara ne a jere. To yaya bango ɗaya zai zama takwas ta nan, shida ta can? Na dubi ƙafafun mutanen nan biyu, na sake duban bangon.

Na ja mayafin mahaifiyata na raɗa mata. Ni a zatona ita za ta faɗa. Sai kawai ta ce, "Malam, tsaya, 'yata tana da magana."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Bangon ɗaya ne. A ƙirga bulo."

Dattijuwar ta leƙo tana dariya, ta dubi gajeren. "Au, ashe yarinyar nan tana magana? Malam, da kai aka tura auna kasuwar nan, ai da ta kai Dapchi!"

Gajeren ya tsuke fuska, amma dogon ya shigo ya taka namu. Shida. Suka kalli juna, suka koma gefe suka yi shawara, suka dawo suka ce bulo goma ne iyakar ƙaramin shago. Aka sake bin layin da yatsa a bango. Namu ya koma ƙarami.

Sai dai ba kowa ya ji daɗi ba. Wani mai hatsi da dogon ya rubuta wa ƙarami, bulonsa goma sha ɗaya suka fito. Har na gama makarantar bai ƙara amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Ba zan ce na daina jin kunya daga ranar ba, har yanzu ina nan yadda nake. Amma na gane cewa farashin da ke rubuce a takarda mai hatimi ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya zauna ya yanka shi, kuma ana iya tambayarsa ta yaya. Mahaifiyata ta ƙara shekara shida a shagon nan, a inuwa.