Gambar da ta kayar da takardata

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Yaya Mamman makwancinsa a Tambuwal. Har yau in na ji lauyoyi a rediyo suna jifan juna da Turanci kan wanda ya cancanci kujera, shi ke faɗo mini a rai.

Yaya tafinta ne a zamanin Turawa, shi ke bin Di'o, wato Baturen mulki, rangadi daga Dogon Daji har ƙasar Kebbe. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kalmomin shari'a na Turanci da ajami, ya ishe mu da su ko tuwo ake ci. Biyu ya fi so. Ligal, in ji shi, abin da doka ta amince da shi ne, mai hatimi. Raitful kuwa mai haƙƙi na gaskiya, da takarda ko babu. Muna yi masa tsiya muna kiransa Joji, ya yi ta dariya har jajayen haƙoransa na goro su fito.

Ban san ni ake yi wa karatun ba sai da na shiga rikicin fadama a Fakku. Na samo takardar izinin noma mai hatimi, na share wuri. Sai wani dattijo, Malam Buba, ya ce gonar ubansa ce, ciwo ne ya hana shi nomanta shekaru. Da Di'o ya zo rangadi aka kai maganar gabansa. Na shiga ina taƙama, ga takarda a hannu, ga tafinta ɗan'uwana ciki ɗaya. Ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Bature ya duba takarda ya gyaɗa kai. Da a ce Yaya zai ɓoye abin da ya biyo baya, da shi ke nan na ci. Amma dattijon ya ce ƙasa-ƙasa, "Gambad da ubana yad dasa tana nan." Mu nan da layin gamba ake yin iyakar gona. Kowa a wurin ya sani, har ni, Baturen kaɗai bai sani ba. Yaya ya fassara, ya bayyana masa al'adar, ya roƙi a je a gani. Aka je, sai ga gamba reras ta kewaye inda na share. Aka mayar wa dattijo gonarsa.

A hanya na tare shi. "Yaya, ni za ka tozarta gaban Nasara?"

Ya ce, "Ƙanena, takardakka ligal ta, ban musa ba. Amma bakin tafinta amana ta. In na ɓoye, mi nika hwaɗa wa Allah?"

Damina biyu ban taka zaurensa ba. Shi kuwa duk kaka sai ya aiko da damin gero gidana, bai taɓa tayar da zancen ba.

Da yana raye ya ga yau, gona ɗaya takarda uku, kowace da hatiminta, na san girgiza kai kawai zai yi. Littafinsa gara ta cinye, amma har gobe a dangi in gardama ta tashi akan ce, a yi irin ta Mamman.

Daga baya na koma zaurensa, muka ci gaba da cin tuwo kwano ɗaya kamar ba a yi ba. Abu guda ne girman kai ya hana ni furtawa har aka rufe shi, kuma shi ke ci mini rai. Tun da bai ji da kunnensa ba, bari in faɗa a gaban jama'a: Yaya, kai ke da gaskiya. Allah ya jiƙanka.