Sitikun da na ɓamɓare a siton Al Quoz

Akwai abu ɗaya da na aikata da hannuna, wanda da ana dawo da jiya, shi zan fara gyarawa. Na ɓamɓare wasu 'yan takardu daga jikin kayan amana na sayar, ina ganin ba komai ba ne. Yau zan faɗa muku yadda aka yi.

Shekarun baya, wajen 2017, ina aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa gida, a Dubai. Ina da ɗan sito a Al Quoz. 'Yan kasuwarmu su sayi kaya su kawo min, in ajiye, in ɗaure, in sa a kwantena. Karatun bokona bai wuce firamare ba, amma na san kwali, na san sikeli, kuma mutane sun yarda da ni. Da wannan yardar nake cin abinci.

A lokacin kasuwar tsofaffin kwamfutocin laftof tana ja sosai. Ofisoshi su sauke nasu, masu shago su kwasa su goge, mutanenmu su saya ɗari-ɗari su kai gida. Wata rana wani mai gyaran kwamfuta da ke kusa da sitona ya shigo shan shayi. Ya ɗauki laftof ɗaya ya kifa ta, ya nuna min wata 'yar sitika mai ƙyalli a ƙarƙashinta, da dogayen lambobi a jiki.

Ya ce, “Hajji, wannan ita ce lasisin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. A ƙasarku wa yake dubawa? Ka cire min, ina saya.”

Na ce, “In an cire ba za ta mutu ba?”

Ya kunna ta a gabana bayan ya cire, ta tashi lafiya lau. Ya koya min yadda ake yi: a hura wa sitikar iska mai zafi da na'urar busar da gashi har gam ɗin ya saki, sannan a ɗaga ta da bakin reza a hankali. Washegari na sayi na'urar. Ni da sanƙona ya kai ƙeya, na tsaya a kanti ina zaɓar abin busar da gashi, mai kantin na ta kallon kaina.

Abin da na faɗa wa zuciyata shi ne kala nake yi. A ƙauyenmu in an gama girbi, abin da ya zube a gona na mai tsinta ne, ba wanda zai ce masa ɓarawo. Na ɗauki sitikar a matsayin zangarniyar da ta faɗi. Na manta cewa mai gona ne ke buɗe gonarsa a yi kala, ba mai gadi ba.

Ɗan ƙanwata, injiniyan kwamfuta ne a wani kamfani a Dubai Investments Park, ya zo gaishe ni wata Juma'a ya tarar da ni ina wannan aiki. Ya ce, “Kawu, wannan fa kuɗinta na cikin kuɗin kwamfutar. Wanda ya sayi na'urar ya biya har da lasisin. A wasu ƙasashe ma, in mutum ba ya son manhajar, yana iya neman a mayar masa da kuɗinta, wasu kuma suna ta shari'a kan a bar su su sayar da nasu. Ko an yarda ko ba a yarda ba, magana ce ta mai kaya. Kai ajiya aka ba ka.”

Na ce, “Kai dai boko ya yi maka yawa. Shekara nawa ina tura kaya Kano, wa ya taɓa kuka?”

Gaskiya kuma ba wanda ya yi kuka. Masu gyara a kasuwa suna ɗora abin da suka ga dama, mai saye ya ga allo ya haska ya biya ya tafi. Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa.

Ina da wani aboki, mutumin Damagaram, wanda muka shekara kusan ashirin tare. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Bai taɓa kirana Alhaji ba. Daga bakin ƙofa zai ɗaga murya, “Ina Bakanon nan da zai sayar da inuwarsa in ya samu mai saye?” Ni kuma in ce, “Ga baƙon da ya zo birni da rairayi a aljihu.” Mu yi dariya, mu ci shinkafa a faranti ɗaya.

A shekarar ya samu kwangilar kai laftof sittin wata makarantar horar da malamai a can ƙasarsu. Shekara uku yana bin wannan aiki. Ya kawo kayan sitona yana murna, ya ce, “Bakano, waɗannan na lakwal ne, kayan makaranta, ka ɗaure min su kamar ƙwai.” Na ɗaure su kamar ƙwai, bayan na cire sitikun duka sittin.

Abin da ban sani ba, a takardar kwangilarsa an rubuta cewa kowace kwamfuta za ta zo da lasisinta. Kuma su can da Faransanci suke aiki. Da kaya suka isa, ma'aikacin makarantar ya goge manhajar Turanci don ya ɗora ta Faransanci, ta nemi lambar lasisi. Ya kifa ta farko, babu. Ta biyu, babu. Duk sittin sai tabon gam mai kusurwa huɗu. Shugaban makarantar ya ƙi karɓar kayan, ya ce a gaban mutane abokina ya kawo musu kayan algus. Maganar ta zaga gari.

Bayan wata biyu ya dawo Dubai, ya rame. Ya ce, “Taso ka raka ni Al Khabaisi. Mai shagon da ya sayar min da kwamfutocin nan ya cuce ni, yau sai ya san ni.” Na bi shi. A mota ina da damar in buɗe baki, ban buɗe ba.

Ya shiga shagon da faɗa, yana haɗa Larabci da Faransanci. Mai shagon ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Shwaiya, habibi.” Wato a hankali, abokina. Ya ciro wayarsa. Ashe al'adarsa ce ya ɗauki hoton ƙarƙashin kowace kwamfuta kafin ya rufe kwali. Ya riƙa nuna mana ɗaya bayan ɗaya, kowace da sitikarta tana ƙyalli. Ya ce, “Daga hannuna haka suka fita. Khalas, shi ke nan.”

Daga shagon nan zuwa Damagaram, wuri ɗaya kaya suka kwana a buɗe, sitona. Abokina ya ba mai shagon haƙuri, muka fito. Bai ce min komai ba sai, “Mu je wajenka in sha ruwa.”

A sito ya zauna a kan kwali yana kalle-kalle. Na'urar tana rataye a ƙusa kusa da sikeli. Ya tashi ya ɗauko ta, ya juya ta, ya dubi kaina, ya ce a hankali, “Wane gashi kake busarwa?”

Nan na faɗa masa komai, har da zancen kala. Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya zage ni. Sai ya ce, “Da ka tambaye ni, sitikun kayana na kasuwa, ba na kwangila ba, da na bar maka su kyauta. Amma ka bar ni na je na ci mutuncin bawan Allah a shagonsa, kana tsaye a bayana.”

Na koma wajen mai gyaran, ya ce sitikun sun daɗe da tafiya. Ɗan ƙanwata ya taimaka muka sayi sababbin lasisi na halal muka tura. Na yi magana da shugaban makarantar a waya, na ce ni ne na cire, abokina bai sani ba. Ya saurare ni, ya ce Allah ya kyauta, amma an riga an ba wani aikin. Na kuma je na ba mai shagon haƙuri ni kaɗai.

Abokina ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Da aka yi min aikin ido ya kira, da na aurar da 'yata ya aiko da turmin atamfa. Sai dai tun daga ranar bai sake cewa da ni Bakano ba. In ya kira sai ya ce, “Alhaji, ina wuni, ya iyali?” cikin ladabi, kamar yana gaishe da surukinsa. Na taɓa gwada tsokanarsa da zancen rairayi, ya ce, “Haka ne, Alhaji.” Ban sake ba.

Yanzu na bar aikin kago, na dawo gida. Na taho da na'urar, tana cikin akwatina, jikokina na yi min dariya in sun gan ta. Ni har yau ban gama fahimtar dokokin lasisin nan ba, wanda ake iya mayarwa da wanda ake iya sayarwa. Abin da na fahimta kaɗan ne: in akwai mai wannan haƙƙi, to wanda ya biya kuɗin kwamfutar ne.

Don Allah, ku masu riƙe kayan mutane a sito ko a shagon gyara, kada ku yi irin nawa. Ko abu ya yi kama da shara a jikin kayan wani, ku ɗaga waya ku tambaye shi kafin ku taɓa. Tambayar minti ɗaya ce na ƙi yi, ga shi yau mutumin da ya shekara ashirin yana tsokanata yana ce min Alhaji.