Kawuna da ƙasa ba ta ci ba

"Ku zo ku gani, ƙasa ba ta ci shi ba!"

Ihun masu haƙar zinari ke nan jiya da hantsi, a bayan ƙauyenmu ta wajen Bukkuyum. Sun sake buɗe tsohon ramin da ya rufta da Kawu Sani, yayan Inna, tun ina firamare.

Daga cikin laka suka fiddo shi. Jikinsa fari fat kamar sabulu, kumatunsa cike, har tsagen fuskarsa ana gani. Kowa ya ja baya yana salati.

Inna kaɗai ta matsa kusa. Ta ce mini, "Kai da ka yi karatun kimiyya, mi ya hana ƙasa cin shi?"

Na ce, "Kitsen jiki ne, Inna. In ya daɗe cikin laka mai ruwa, ba iska, sai ya daskare kamar kakin zuma, ya riƙe kamannin mutum."

Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, "Shi fa ya goye ni. Yau ga shi na girme shi."

Da la'asar muka yi masa sutura. Na san bayanin tun a aji, amma har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan a garinku?