Ina Su?

Sadatu 'yar Dankure ba ta yafiya. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya bi labarinta yana jiran inda zuciyarta za ta yi sanyi, domin babu wurin. Tare muka yi karatu a Birnin Kebbi, ɗaki ɗaya muka kama a bayan unguwar Gesse. Akwai wadda ta ari ɗankwalinta tun muna shekarar farko ta maido shi da ƙunar guga, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye.

A Argungu aka haife ta, a unguwar masunta. Uwarta banda take yi, don haka cikin hayaƙin kifi ta buɗe ido, tun tana rarrafe ta san bambancin tarwaɗa da ragon ruwa. Ubanta Dankure mutum ne mai sanyi, in ka ji muryarsa sama to sallama yake amsawa. Duk abin da ya mallaka bai wuce taru da homar kamun kifi da 'yar gonar fadama ba, sai jirgin katako da ya gada wurin mahaifinsa, wanda facin jikinsa ya kusa fin ainihin katakon yawa. A bakin gulbi turken jirginsa na kusa da na amininsa Hodi, tun suna samari haka suke ɗaurewa. Hodi na da ɗa, Jamil, sa'an Sadatu, a akushi ɗaya suka ci tuwo.

Masunta na da gaisuwarsu. Kamar yadda ake ce wa ma'aikaci ina aiki, su kan ce wa juna "ina su?", wato yaya kamun kifi, a amsa "su da godiya". Tun tana ƙarama Sadatu ke yi wa Jamil wannan gaisuwa duk safiya in ya fito ɗauke da gorar ubansa. Shi kuwa da yake bakinsa ba ya zama lafiya, sai ya ƙara da tsiya, ya ce, "Su da godiya, ina hayaƙi?" don wai kullum warin banda take yi. Ta bi shi da jifa, manya na dariya. Haka suka girma.

Da ta gama karatu aiki ya ƙi samuwa, sai ta faɗa harkar kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, kamar sauran matasa. Akwai wani dandalin hira a waya da ake kira Zauren Rima. Nwachukwu ne ya buɗe shi, wani mai sayar da wayoyi a babbar kasuwa, haifaffen Birnin Kebbi, wanda in yana ciniki da Sakkwatanci sai ka rantse kakansa Bakabe ne. Zauren ya tara ɗalibai da 'yan kabu-kabu da ma'aikatan da albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Wani na zana katin biki, wani na sayar da data, wani na canza kirifto zuwa naira, sauran kuma na kwana suna dangwalar waya wai suna haƙo arziki. Da yake ba a ganin fuskar juna, aka kafa doka: duk mai son a yi hulɗa da shi, sai wani sananne ya rubuta a ƙarƙashin tallarsa, "Na lamunce."

Nan Sadatu ta yi suna. Ita ce 'yar tsakiya, mai saye ya tura mata, ta riƙe, sai aiki ya kammala ta sakar wa mai shi. Ba ta taɓa jinkiri ba, ba ta taɓa sassauta wa kowa ba, kuma wannan taurin kan nata shi ya sa aka yarda da ita. Har bandar uwarta ta riƙa sayarwa ta zauren, ana saka wa motar Abuja. Da sunanta na gaskiya take rubutu, Sadatu Dankure, a wurin da kowa ke laƙaba wa kansa sunan zaki ko damisa.

Wata damina gulbi ya cika ya batse, fito ya zama abin tsoro ga mutanen ƙauyukan ƙetare masu zuwa cin kasuwa. Sai Jamil ya shigo zaure da shawara mai daɗin ji. Ya ce a haɗa kirifto a sayi jirgi mai inji da rigunan ruwa, a taimaki jama'a, abin da fito ya kawo kuma a riƙa raba wa waɗanda suka zuba. Ya kawo hotuna, ya kawo ayoyi, ya kawo labarin tsohuwar da ta kusa nutsewa da kwandon albasa. Aka tambaya wa ya san shi. Sadatu ta rubuta, "Na lamunce. Ɗan'uwana ne." Ganin sunanta, mutane suka yi ta turawa, har masu ci da kyar.

Ko ƙusar jirgi ba a gani ba. Jamil ya kashe waya ya ɓace.

Abin da zaure ya yi wa Sadatu ba ya faɗuwa. Waɗanda jiya ke kiranta Hajiya Amana suka koma ce mata ɓarauniya mai warin kifi. Nwachukwu, ba da son ransa ba, ya sa mata jar alama ya cire ta daga 'yan tsakiya. Amma ko a cikin masu zagin babu wanda ya yi tunanin za ta biya, domin a zauren nan "na lamunce" kalma ce da ake rubutawa kamar yadda ake rubuta amin. An sha lamunce wa maƙaryata, aka yi zage-zage, aka manta.

Dankure bai san wannan ba, kuma da ya sani ma ba zai yarda ba. A kasuwar kifi inda ya tsufa, in ka lamunce wa mutum ya gudu, kai ne a madadinsa. Da labari ya kai masa sai ya aika ta zo gida, ya zaunar da ita a gindin bandar uwarta.

"Ke kinka ce kin lamunce mai?"

"Awo, Baba. Amma ga waya na, rubutu na kawai, ba wanda ka biya."

"Da wane suna kinka rubuta?"

Ta gaya masa. Sai ya ce, "To ai ni al lamunce."

Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta kira kawunnanta, duk a banza. Ya sayar da gonar fadama, ya sayar da taru, da abin bai kai ba ya kwance jirgin ubansa daga turke ya miƙa wa wani mutumin Augie. Ya sa ta mayar wa kowa abinsa. 'Yan zaure suka yi ta mamaki, wasu har da rubuta cewa ai ba sai an yi haka ba, Allah sarki tsoho. Amma ban ji wanda ya maido ba. Ni abin da ya fi ƙona min rai ke nan, tausayin baki da hannu a buɗe.

Hodi kuwa ya ce shi bai san inda ɗansa yake ba, kuma harkar waya harkar yara ce, ba zai kira ɗansa ɓarawo ba sai an nuna masa. Daga nan Dankure ya koma ɗan taya aiki a jiragen mutane. Wata safiya Sadatu ta je gida ta same shi tsugune cikin jirgin wani yaro da aka haifa a gabansa, yana kwarfe ruwa da ƙoƙo, yaron na daka masa tsawa ya yi sauri. Da ta dawo Gesse ba ta ci abinci ba. Ta ce min ko ƙarƙashin gulbi Jamil ya shiga sai ta tsamo shi, kuma ba kuɗi take nema ba.

Ba ta fita daga zauren ba. Ta zauna da jar alamarta, ba ta cewa uffan, tana karanta komai. Ni na gaji da ganinta da waya a hannu ido jajir, na ce ta nemi wata sana'a, ta dube ni kamar na zagi uwarta.

Can bayan an kwana biyu sai ga wani sabon baƙo, Injiniya Sodiq, wai mutumin Ilorin ne mazaunin Abuja. Hausarsa a karye, "ni yana so taimaka manoma na Ambursa". Shawararsa ita ce a haɗa kirifto a sayi injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, manoman shinkafa su huta da tsadar mai, masu zubawa su ci riba. Zaure ya rikice da yabo, sai ka ce ba su ne aka wanke bara ba. Sadatu ta ce min wannan karyayyar Hausa ta yi tsafta da yawa, Yarabawan kasuwarmu ba haka suke karya ta ba, kuma zaƙin bakin ta taɓa ɗanɗana shi. Sai dai wa zai saurari mai jar alama? In ta yi magana a ce hassada ce.

Al'adar zauren ce da safe kowa ya yi gaisuwa. Injiniya kuwa, da yake kasuwa yake nema, ba ya barin gaisuwar kowa ta faɗi ƙasa, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya da sauri. Ina zaune kusa da ita muna shan koko ta jira sai da gaisuwa ta yi yawa, sannan ta jefa tata a tsakiya: "Ina su?"

A rubuce ba a jin karin murya, don haka duk wanda ba ɗan bakin gulbi ba zai ɗauka tambaya take yi ina wasu mutane suke. Wani ya rubuta, "Su wa?" Wani ya ce, "Su wane kike nema kuma?" Ni kaina haka na fahimta. Sai ga amsar Injiniya Sodiq mutumin Ilorin, da Hausa garau:

"Su da godiya, ina hayaƙi?"

Nan take ya goge, amma ta riga ta ɗauki hoton allon. Ta yi murmushin da ban so ganinsa ba. Ta hau kabu-kabu sai shagon Nwachukwu, ta ba shi labarin gaisuwar. Shi kuma ya bi sawun asusun da Injiniya ya bayar, tunda a kirifto kowa na iya ganin inda abu ya fito da inda ya shiga, ya tarar tsohon asusun Jamil ne ya fara zuba masa. Ya rufe tallar kafin kowa ya tura ko sisi, ya cire mata jar alama, ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Zaure ya cika da neman gafara. Ko ɗaya ba ta amsa ba.

Argungu ta nufa. Ta isa bakin gulbi da hantsi, lokacin da jirage ke dawowa, mata na jiran kifi da robobi. Ta tsaya gaban Hodi ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba Hodi, kai kac ce sai an gwada maka." Ta ɗaga murya ta bayyana wa jama'a wane ne Injiniya Sodiq da abin da ya zo nema, ta karanta gaisuwarta, ta karanta amsarsa. Masuntan nan ba su san kirifto ba, amma wannan sun gane shi sarai. Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu, don an ga fuskar Hodi. A ƙofar gidansa ya sha jin "ina hayaƙi" shekara da shekaru.

Dangi suka nemo Jamil suka maido shi gida, ba shi da komai sai babur da wayoyi biyu, sauran ya cinye. Aka ce mata ta kai shi ga hukuma, ta ƙi. Ta ce ɗakin 'yan sanda ɓoye shi zai yi daga idon mutane, ita kuwa so take a gan shi. Ta san garinsu. Daga ranar ba inda Jamil zai gitta ba a ce masa "ina su?" ba, a masallaci, a tasha, a wurin mai shayi, mata daga bayan katanga. Wani ma "Injiniya, ina hayaƙi?" yake ce masa. Bai jima ba ya sake barin gari, wannan karon ba wanda ya neme shi.

Wata asuba Hodi ya kwance jirginsa ya ɗaure a turken Dankure, ya ajiye filafilin tuƙi a ciki, ya koma gida. Dankure ya ce ba zai taka jirgin amininsa ba, Hodi ya ce ba zai karɓa ba. Tsofaffin biyu da suka yi rayuwa kafaɗa da kafaɗa yanzu in ɗaya ya hango ɗaya sai ya sake hanya, ba don gaba ba, don kunya. Dankure ya roƙi Sadatu ta je ta ce wa Hodi ta yafe, ko ya ɗauke abinsa.

"Ɗiyata, ya isa hakanan. Ba shi yay yi ba."

"Ba shi yay yi ba, Baba, amma yana kallo kana kwarfe ruwa ga jirgin yara."

Shi ne karo na farko da ta ƙi bin maganarsa, ya kuwa ji zafin abin, ina wurin, na ga hawaye a idonsa. Jirgin na nan a turke, ruwan sama ya cika shi, rana ta fara tsaga katakonsa. Sadatu ta koma 'yar tsakiya a zaure, kasuwarta ta fi ta da, ta tara abin da zai sayi jirgi sabo, uban ya ce ba ya so, shi ya bar sana'ar su.

Na taɓa tambayarta ko ba ta ganin abin ya wuce gona da iri, tsofaffi biyu sun rasa sana'arsu saboda yaro ɗaya. Ta ce ta gani, kuma yana mata ciwo, amma gara jirgin ya ruɓe a inda kowa zai gan shi. Ta samo sabuwar lambar Jamil, ban san ta yaya ba. Duk safiya kafin ta sha koko sai ta tura masa kalmomin nan biyu. Alama na nuna ya karanta. Bai taɓa amsawa ba, ita kuma ba ta taɓa fashi ba.